Ashe Mother India Ma Sabon Zubi Ne

Kwanan baya da la'asar sakaliya muna zaune a wata majalisa ta dattawa a bakin teburin wani mai shayi a Garki, nan birnin tarayya Abuja, sai zance ya gangaro kan wata ɗabi'a da ta shigo wa masu shirya fim a wannan zamani, watau ɗauko tsohon fim wanda jama'a suka sani har suka haddace, a sake zuba shi da sababbin 'yan wasa. Kusan bakin kowa ya zo ɗaya, cewa wannan aikin banza ne, harara a duhu. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya yi ƙuruciyarsa a Fagge ta Kano, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. In akwai mai ji da kansa, ya je ya sake yin Mother India mu gani."

Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ai Mother India ɗin nan ma sake yin sa aka yi. Akwai na asali." Sai ya dube ni irin kallon da akan yi wa yaron da ya sa baki cikin rabon gado, ya ce shi sau ba adadi ya ga fim ɗin nan, kuma a duniya bai taɓa jin wannan magana ba.

Ban ga laifinsa ba. Tun sa'ad da Kwarori, watau 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen silima, suka soma kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa cikin shekarun 1950, da wuya a sami fim ɗin da ya zauna a zukatan mutanenmu kamar Mother India. Waɗanda suka yi zamanin Palace da Plaza da El Dorado da Orion a Kano sun san yadda akan yi layi dominsa. Matan aure kuwa, waɗanda ba su zuwa silima, talabijin ya kai musu finafinan Indiya har cikin ɗaki tun daga ƙarshen shekarun 1970. Wani Bature mai binciken al'adu, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano cikin shekarun 1990, ya ba da labarin yadda ya tarar da silimar Marhaba ta cika maƙil wani daren Juma'a saboda wannan fim, alhali kuwa a lokacin ya doshi shekara 40 da fitowa. Wanda ya tashi cikin wannan hali, in aka ce masa akwai wani fim a gaban Mother India, tamkar an ce masa akwai wata ganuwa ce a ƙarƙashin ganuwar Kano.

To, amma akwai shi. Sunansa Aurat, an yi shi a 1940, kuma mutum guda ne ya shirya su duka biyu, watau Mehboob Khan.

Na asali

Shi Mehboob ɗan ƙauye ne, daga Bilimora ta jihar Gujarat. Ya gudu daga gida yana yaro ya tafi Bombai, wadda yanzu ake kira Mumbai, ya fara da fitowa cikin 'yan cika taro a finafinan da ba su magana, har Allah ya ɗaga shi ya zama mai ba da umurni. Karatunsa na boko bai taka kara ya karya ba, amma ya san gona, ya san yunwa, ya kuma san mai ba da bashi da ruwa. Wani marubuci mai suna Babubhai Mehta ya kawo masa labarin, Wajahat Mirza ya tsara maganganun, Anil Biswas ya yi kiɗa, Faredoon Irani ya riƙe na'urar ɗaukar hoto, aka fito da fim baƙi da fari a lokacin da Indiya take hannun Ingilishi, duniya kuma tana cikin Yaƙi na Biyu.

Ma'anar Aurat a harshen Urdu ita ce mace, haka kawai. Masu ilmin Larabci za su gane cewa tushenta ɗaya da kalmarmu ta al'aura, watau abin da ake suturtawa, kuma lalle mutuncin mace shi ne ginshiƙin labarin. Wata baƙauya ce mai suna Radha, wadda Sardar Akhtar ta fito a matsayinta, take fama da noma domin ciyar da 'ya'yanta maza uku da biyan bashin Sukhilala, attajirin ƙauyen wanda ya shaƙe kowa da kuɗin ruwa. Da ta sake samun ciki, sai mijinta Shamu ya ga kaya sun fi ƙarfin wuyansa, ya tsallake ya bar ta. Fari ya zo, yunwa ta biyo baya, manyan 'ya'yan nan biyu suka mutu, Sukhilala kuma ya shiga neman ta da lalata a bakin abinci, ta ƙi. Biyu suka rage mata, Ramu mai hankali da Birju gagararre. Birju ya girma ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sace yarinyar da yake so tun suna yara, mutanen gari suka juya wa uwarsa da wansa baya. Daga ƙarshe Radha ta kashe ɗanta da hannunta.

Duk wanda ya san Mother India zai ce ai labarin ke nan. Haka ne, ƙashin bayan guda ne, har sunayen ma ba a sauya ba. Irani ne ya sake ɗaukar hoto, Wajahat Mirza ya sake zama kan maganganu, wannan karon tare da S. Ali Raza. Abin da ya fi ban sha'awa, Kanhaiyalal wanda ya yi Sukhilala a 1940 shi ne ya sake yin sa a 1957. Amma tsakanin zubin farko da na biyu akwai shekara 17, a cikinsu kuwa Indiya ta sami mulkin kai a 1947, aka tsaga ƙasar gida biyu, aka zubar da jinin da ba a taɓa gani ba. Mehboob na 1957 ba shi ne na 1940 ba. Ya yi arziki, ya gina ma'aikatar fim tasa ta kansa a unguwar Bandra a 1954, ya kuma auri Sardar Akhtar tun 1942. Ƙasar ma ba ita ba ce.

Sunan da ya zaɓa ya isa shaida. A 1927 wata Ba'amurkiya mai suna Katherine Mayo ta wallafa littafi mai suna Mother India, inda ta zazzage wa Indiyawa cin mutunci, musamman game da halin da matansu ke ciki, domin ta nuna ba su isa riƙon kansu ba. Abin ya daɗe yana yi musu ciwo. Mehboob ya ɗauki wannan suna da gangan ya ɗora wa fim ɗinsa, domin ya wanke shi. Daga mace, sai aka koma uwar ƙasa. Mai karatu ya lura kuma da cewa Mehboob da Nargis, wadda sunanta na yanka Fatima Rashid, da Naushad mai kiɗa, da Shakeel Badayuni mai rubuta waƙoƙin, da Wajahat Mirza, dukansu Musulmi ne da suka zauna a Indiya bayan an yanke Pakistan. Shekara goma da rabuwa, su ne suka zana wa ƙasar hoton da har yau take duban kanta a ciki.

Inda hanya ta rabu

Bambancin da ido zai fara gani shi ne launi da girma. Mother India fim ne mai launi, mai tsawon kusan sa'a uku, da waƙoƙi 12, da ɗaruruwan manoma da shanu, da ambaliya, da gobara. An buɗe shi a silimar Liberty ta Bombai ran 25 ga Oktoba, 1957. A 1958 ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya shiga sahun ƙarshe na neman lambar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, ko da yake wani fim na Federico Fellini ɗan Italiya ne ya ɗauka. A wannan shekara kuma Nargis ta ci lambar gwanar 'yan wasa mata a bikin Karlovy Vary. Duk wannan sananne ne, kuma ba shi ne abin da ya dame ni ba. Kuɗi na iya sayen launi da taro. Abin duba shi ne abin da aka taɓa a cikin labarin kansa.

Mu fara da miji. A Aurat, Shamu lafiyarsa ƙalau, da hannunsa da ƙafarsa ya gudu. Ba wani uzuri da aka ba shi illa nauyi ya yi masa yawa. A Mother India kuwa sai aka nemo masa hanzari. Shamu, wanda Raaj Kumar ya yi, jarumin manomi ne mai son matarsa. Uwarsa ce ta ci bashin rufi 500 a hannun Sukhilala domin hidimar aurensa, aka yi jayayya kan sharaɗin, dattawan gari suka ba mai kuɗi gaskiya, aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne a matsayin ruwa. Garin neman mafita Shamu ya shiga sharar wani fili mai duwatsu, wani ƙaton dutse ya murƙushe masa hannuwa biyu. Kunyar zama ci-ma-zaune, da gorin da aka yi masa, su suka fitar da shi cikin dare.

A silima wannan wuri yana sa hawaye, ni ma na zubar da nawa ina yaro. Amma da na girma na ga na asali, sai na ga kamar Mehboob ya yi wa maza alfarma ne. Mu da muka ga farin 1973 da 1974 mun san magidantan da suka ce za su tafi cin rani, suka bar mata da 'ya'ya a bakin rumbu wanda ba ko zangarniya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ba dutsen da ya faɗa musu. A yau ma, in ka shiga unguwannin da ke kewaye da Abuja ko sansanin waɗanda rikici ya kora daga gidajensu, za ka tarar da irin Radha ta 1940 ba iyaka, ta 1957 kuwa sai an tona. A wannan gaɓa tsohon zubi ya fi gaskiya, sabon kuwa ya fi daɗin haɗiya.

Haka abin yake ga ita Radha. Sardar Akhtar ta yi ta ne kamar macen da za ka gamu da ita a kasuwar ƙauye ranar da take ci, da kaya a ka da goyo a baya, ba ka ko waiwaya. Nargis kuwa tun daga hoton farko an ɗaga ta sama da mutane. Fim ɗin yana buɗewa da ita tana tsohuwa, ta ɗauki ɓurɓushin ƙasa ta kai fuskarta, injunan noma suna wucewa a bayanta. Hoton da aka liƙa a bangon kowace silima shi ne nata tana jan garma a kafaɗa a maimakon sa. Bayan ambaliya, da mutanen gari suka ɗaure kaya za su yi ƙaura, ita ce ta tsaida su da waƙa, har aka nuna taron manoma sun jeru sun fitar da taswirar Indiya. Wannan ba mace ba ce kuma, tuta ce. Ba na musun gwanintar Nargis, domin tana da shekara 28 kacal lokacin da fim ɗin ya fito, ta kuwa taka daga amarci har tsufa ba inda ta yi tuntuɓe. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju sa'anta ne, a wata guda aka haife su cikin 1929, kwana biyar ta ba shi. Amma tuta ba ta jin yunwa kamar yadda mutum yake ji, kuma akwai wuraren da mai kallo yakan shagala da girmama Radha har ya manta da tausaya mata.

In da a nan maganar ta tsaya, da na koma majalisar Garki na ce Alhaji ya yi gaskiya ta wata fuska, na da ya fi. Amma akwai Birju.

A Aurat, Yakub ne ya yi Birju, ɗan wasan da Indiyawa suka saba gani a matsayin mugu ko tantiri. Birjunsa ɓatacce ne, kuma sa'ad da uwarsa ta kashe shi, mai kallo yana jin zafin uwa, amma ba ya shakkar hukuncin. An cire ruɓaɓɓen haƙori ne. A Mother India kuwa Mehboob ya yi wani abin da ya sauya nauyin labarin baki ɗaya, ya ba Birju gaskiya. Tun yana yaro, lokacin da Sajid Khan yake yin sa, muna ganin sa yana kallon yadda ake auna hatsin da uwarsa ta noma ana tura wa Sukhilala kashi uku, yana tambayar dalili, ba mai amsa masa. Ya ga an kwashe shanunsu, ya ga warwaron auren uwarsa ya tafi jingina. Da ya girma ya nemi a nuna masa lissafin bashin, sai ga littafi a gabansa, amma ba ya iya karatu, dattawan garin ma haka. Duk ƙauyen nan, shi kaɗai ne ya ƙi yarda cewa bashin rufi 500 zai ci mutum, ya ci ɗansa, ya jira jikansa. Ramu mai hankali, wanda Rajendra Kumar ya yi, biya kawai yake yi yana sunkuyar da kai.

Wane Bahaushe ne wannan zai zama baƙo a gare shi? Jinginar gona, da bashin da akan ci da bazara a biya ninki da kaka, da sa hannu da ɗan yatsa a kan takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba, duk mun san su. Ina zaton wannan ne ya sa 'yan kallo a Kano da Zariya da Sakkwato, waɗanda ba su jin ko kalma goma ta Indiyanci, ba su taɓa bukatar tafinta ba.

To, sai ga ranar ƙarshe. Birju ya dawo da 'yan fashinsa ranar auren Rupa, 'yar Sukhilala. Ya kashe uban, ya ɗauke amaryar a kan doki. Radha kuwa ta riga ta yi alkawari cewa ba za ta bari ɗanta ya taɓa mutuncin gidan nan ba, gidan mutumin da ya taɓa neman nata mutuncin a bakin hatsi. Ta ɗaga bindiga, ta kira shi, ya ƙi tsayawa domin ya tabbata uwa ba ta harbin ɗanta. Ta harbe shi. Ya faɗo, ya mutu a hannunta, ga warwaron nan nata da ya ƙwato mata.

A nan ne sabon zubi ya yi wa tsohon nisa. A 1940 uwa ta kashe mai laifi. A 1957 ta kashe mai laifin da yake da gaskiya, ɗan da ta fi so, domin ta tsare 'yar azzalumi, wadda ita ba ta ci bashin kowa ba. Mai kallo ba shi da wurin tsayawa. In ka bi Birju, me za ka ce da yarinyar da aka ɗauke ranar aurenta? In ka bi Radha, wa zai tsaya wa talaka? Shekara da shekaru ana fita daga silima ana wannan gardama a bakin masu tsire, kuma ban taɓa jin an raba ta ba. Fim ɗin da ya bar mutane da irin wannan tambaya ba ya tsufa da wuri.

Ko rufewar ma ba ta bar mutum ya huta ba. An gina hanyar ruwa ta zamani, an roƙi tsohuwa Radha ta buɗe ta, domin zamanin Nehru ne, wanda yake ɗaukar manyan madatsun ruwa kamar wuraren ibada na sabuwar Indiya. Ta buɗe, ruwa ya kwararo, amma ja wur kamar jini kafin ya washe. Ana iya cewa farfagandar gwamnati ce, kuma da ƙamshin gaskiya, amma mai farfaganda zalla ba ya rina ruwansa da jini. Mu ma mun yi namu zamanin madatsun, Tiga a 1974, Bakolori a 1978, kuma mutanen ƙasar Talata Mafara ba su manta da watan Afrilu na 1980 ba, sa'ad da manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu suka gamu da harsashin 'yan sanda. Duk wanda ya san wannan, in ya sake kallon jan ruwan nan, da wani ido zai kalle shi.

Akwai wani ɗan labari da masu sha'awar fim ɗin ba su gajiya da shi. Wajen ɗaukar gobarar nan a farkon 1957, iska ta juya, wuta ta ritsa da Nargis da gaske, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone a fuska da ƙirji. A watan Maris na 1958 suka yi aure, watau uwa ta auri ɗanta na fim, suka haifi Sanjay Dutt a 1959. Shi kuwa Mehboob ya rasu ran 28 ga Mayu, 1964, kwana guda bayan Nehru.

Namu na gida

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kowane sabon zubi alheri ne. Indiyawan nan dai su ne suka ɗauko Sholay na 1975, fim ɗin Dharmendra wanda mutanenmu suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, suka sake shi a 2007 da sunan Aag, har Amitabh Bachchan da kansa ya koma mazaunin mugun. Ram Gopal Varma ne ya shirya, aka kuwa yi asarar da har yanzu ake misali da ita. Kuɗi akwai, manyan 'yan wasa akwai, abin faɗa ne babu. Mehboob ya koma wa labarinsa ne saboda ƙasarsa ta sauya, ya kuma ga abin da bai gani ba da fari. Wanda ya koma wa tsohon fim don sunan kawai yana da kasuwa, ya ɗauki kwarya ne ya bar furar.

A nan Nijeriya guguwar ta taso sosai tun daga 2019, sa'ad da kamfanin Play Network na Charles Okpaleke, wanda harkokinsa suka yi ƙarfi a nan Abuja, ya fito da ci gaban Living in Bondage na 1992, Ramsey Nouah ya ba da umurni, Kenneth Okonkwo kuma ya dawo mazauninsa na da, kamar yadda Kanhaiyalal ya yi. A 2020 suka sake zuba Rattlesnake na marigayiya Amaka Igwe da Nneka the Pretty Serpent, a 2022 kuma Glamour Girls. A finafinan Hausa ma an yi, domin a 2018 Ali Nuhu ya ba da umurnin sabon Mujadala, wanda na farkonsa ya yi tashe a farkon shekarun 2000, aka sa matasa irin su Umar M. Shareef. Masu kallo sun rabu kamar yadda aka saba, manya suna cewa na da, yara suna cewa na yanzu.

Sai dai akwai abin da ya kamata ya tsaya mana a rai fiye da wannan gardama. Na iya auna Aurat da Mother India ne saboda Aurat yana nan. Indiyawa sun kafa ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a birnin Pune tun 1964, kuma duk da haka sun makara ga wasu, domin Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, ya ɓace ba ko kwafi guda. Mu fa? Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun, ya yi shekaru ana jin sunansa ba a ganin sa. Sai a 2016 Didi Cheeka da abokan aikinsa suka tarar da gwangwanayen fim ɗin a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Ikko, wata cibiya mai suna Arsenal a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a watan Fabrairu na 2018. Wannan fa fim ne da gwamnati ta kashe wa kuɗi, daga littafin Firayim Minista. Ina ga waɗanda 'yan wasan Kano suka yi da kuɗin aljihunsu a kan kaset, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa su Sangaya? Kaset ba ya jure zafi da ƙura da damshin damina, faifan da ya gaje shi ma bai fi shi ƙarko ba. Abin da yake yawo a intanet sau da yawa kwafin kwafi ne, hoto ya dusashe, murya tana rawa, wani ma an yanke masa kai ko wutsiya. In yaro ya ga wannan ya ce sabon ya fi, ba a yi wa tsohon adalci ba, domin ba shi aka nuna masa ba, fatalwarsa ce.

Hukumar Finafinai tana da ma'ajiya a Jos, tana kuma shirya bikin Zuma a nan Abuja. A watan Janairu na 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugabanta, mutumin da ya fito a Sangaya, wanda ya san masu waɗannan kaset ɗin da sunayensu da ƙofar gidajensu. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, a nan Abuja hedkwatarta take. Ba abu ne mai wuya ba a bi masu shirya finafinan farko, ko magadansu, a karɓi uwar kaset a juye ta cikin kwamfuta da yardarsu, a kuma tsare musu haƙƙinsu. Ba kuma laifi ba ne a keɓe yini guda a bikin Zuma a nuna tsoho da safe, sabo da yamma, a bar jama'a su yi hukunci da idonsu. Duk wanda ya nemi izinin sake zuba wani fim, me zai hana a roƙe shi ya ajiye kwafi mai kyau na na asalin?

Bayan kwana biyu na koma majalisar Garki da Aurat a cikin wayata. Alhaji ya gyara tabarau, ya karɓa yana ƙunƙuni cewa baƙi da fari ne, hoton ma duk yashi. Ya ga Radha ya ce wannan ba ta kai Nargis ba, ko kusa. Ya ga Shamu ya tsallake da hannuwansa biyu lafiya lau, ya yi shiru, ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ga Sukhilala ya shigo da littafinsa a hammata. Alhaji ya zabura, har shayinsa ya fantsala a riga, ya nuna wayar da yatsa ya ce, "La ila! Wallahi shi ne. Ashe tun yana saurayi yake cin ruwa!" Ya juya wajen mai shayi ya ce a ƙaro masa kofi guda, a kuma nemo inda za a sa wa wayar nan wuta, don ba zai tashi ba sai ya ga yadda za ta ƙare da Birju.